Kurakuran da ke cinye kuɗin mai gyaran gida a Kano

An fasa bango, an sauke kwano, yashi ya tare ƙofar gida, iyali sun takure a ɗaki ɗaya, shi kuwa birkila wayarsa a kashe. In ka yi sa'a ya ɗauka, sai ya ce, "Alhaji, wallahi rasuwa aka yi mana, gobe da sassafe ina nan." Goben nan sai ta kai mako biyu. Na sha wannan lokacin da muka gyara gidanmu na gado a cikin gari, na yi ta zagin masu aiki a zuci. Daga baya da na zauna na yi lissafi, sai na tarar rabin laifin nawa ne, domin yawancin ɓarnar tun kafin a kwaɓa siminti na buɗe mata ƙofa.

Ƙofar farko ita ce kunya. Ka kira mai aiki, ka tambaye shi nawa zai yi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, a fara kawai, ai ba za mu ɓata ba." To za ku ɓata. Musamman in ɗan unguwa ne, ko wanda surukinka ya turo, domin shi ne wanda ba za ka iya ɗaga wa murya ba. Maganin abin takarda ce guda ɗaya, ko da daga littafin makarantar yara aka yago ta. A rubuta ko jinga ce ko aikin yini, ɗakuna nawa, daga ina zuwa ina, kwana nawa. A rubuta ƙananan abubuwan da su ne ke haddasa rigima: wa zai biya leburori, wa zai sayi ruwa wajen 'yan garuwa, wa zai kwashe ɓaraguzai in an gama, akwai kuɗin abinci ko babu. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu. In wani ya ce wannan rashin yarda ne, ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Daga nan sai kuɗi. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne kuɗinka ya riga aiki yin gaba. Ka ba da kafin alƙalami mai tsoka don ka nuna kai ba matsolo ba ne, shi kuma ya ɗauka ya je ya ƙarasa aikin wani da ya riga ya cinye kuɗinsa. Sau da yawa ba mugunta ba ce, haka sana'ar ke juyawa, kuɗin wannan a toshe ramin wancan. Ka raba biyan gida-gida: kaɗan a farko, wani in an gama ɗora bulo, wani bayan filasta, sannan ka riƙe kamar kashi 10 cikin 100 sai an ga yadda aikin ya zauna. In rufi ne, cikon ya jira ruwan sama na farko, kuma wannan sharaɗin ya shiga takarda tun farko don kada ya zama zalunci. Amma fa in lokacin biya ya yi, ka biya. Mun san hadisin ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma mai gidan da ke sa lebura zarya kan kuɗin yini ba shi da bakin kukan an yi masa ha'inci.

Wajen sayen kaya, kada ka miƙa kuɗi ka koma ofis. Ku tafi tare. Rodi a Ƙofar Ruwa, katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, kayan wuta da na famfo a Sabon Gari, duk ba su fi ƙarfin yini ɗaya ba. Shi ya zaɓa da idon sana'a, kai ka biya ka karɓi rasit. Rodin da aka ce maka mai milimita 12 ne, a auna a gabanka, domin akwai wanda sunansa kawai ke 12. Bulo kuwa ka karce shi da ƙusa ko ka murza gefensa da yatsa, in yana zuba kamar garin tuwo ka bar musu kayansu. Siminti buhun kilo 50 ne, ko Dangote ko BUA ko wani, amma in ka taɓa ka ji ƙulalai masu tauri a ciki ya sha danshi. Kada ka tara shi da yawa don gudun tashin farashi sannan ka jibge a ƙasa. A kan katako ake ajiye shi, nesa da bango. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, ba bayan an buga kwano ba.

Inda na fi so mai gida ya tsaya da ƙafarsa shi ne ranar da za a rufe abin da ba za a sake gani ba. Filasta da tayil da silin sun fi kowa iya rufa asiri. Duk ha'incin da zai dame ka nan da shekara biyu, a ƙarƙashinsu yake kwance.

Ɗauki wayarin. Wayar fitila milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa kuwa kowacce layinta daban take so, da waya mai kauri, 4 ko sama da haka. Mai son ya ci riba sai ya ja 1.5 ko'ina, ya shafe da siminti. Ba za ka sani ba sai ranar da KEDCO suka kawo wuta da daddare, uwargida ta jona dutsen guga da abin dafa ruwa lokaci guda, ka ji bango yana ƙauri. Akwai kuma wayar da ba jan ƙarfe ba ce, rina ta aka yi. Ka fere bakinta ka kankare da wuƙa, in fari ya bayyana ka mayar. Ka tambaya ina aka kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa, a nuna maka shi da ido.

Haka bututun ruwa. Kafin a toshe ramukan da aka sassaƙa a bango, a cika tanki, a rufe kowane famfo, a bar shi ya kwana. Da safe ka bi kowace mahaɗa da hannu. Ɗigo ɗaya a yau gyaran minti goma ne, bayan an manna tayil kuwa sai an fasa rabin banɗaki. Sannan ka ciro wayarka ka ɗauki hoton kowane bango yadda bututu da waya suka bi. Ni ban yi ba, ranar da aka zo kafa madubi ƙusa ta huda bututu, muka kwana muna kwalfe ruwa.

Banɗaki in an gama tayil, kada ka tsaya yaba launi. Ka sheƙa bokitin ruwa a ƙasa ka ga inda ya nufa. In ya bi ƙofa ko ya kwanta a lungu maimakon ya gangara magudana, ba a gama aiki ba. Ka kuma ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya da bayan makulli. Wanda ya yi amo kamar ganga, ƙarƙashinsa fanko ne, zai fashe. Ka sayi rarar kwali ɗaya ko biyu ka ɓoye, domin irin da ka saya bana da wuya ka same shi baɗi.

Sai gaggawa, wadda kusan kullum biki ne ke kawo ta. An sa ranar ɗaurin aure, 'yan jere suna hanya, sai a ce birkila ya yi a kwana goma abin da ke son wata guda. Siminti kuwa bai san ranar biki ba. Ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwa ne, shi ya sa ake ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya yi ƙarfin da ake nema. A zafin bazara na Maris da Afrilu, ko cikin busasshiyar iskar hunturu, filastar da aka yi da safe kan tsotse kafin la'asar, ta yi tsaga-tsaga kamar faso. Ka sa yaro ya riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma, ka biya shi daban, don birkila ya riga ya wuce wani aikin. Kwaɓin kankare na linta da ginshiƙi, abin da aka saba shi ne kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ka tsaya ka ƙirga ko sau ɗaya ne. Fenti kuma ya jira filasta ta bushe sarai, wajen mako huɗu, in ba haka ba zai kumbura ya riƙa ɓarewa.

Wani kuskuren shi ne yi wa ciwo kwalliya. Bango ya jiƙe daga ƙasa, fenti na zuba, farin gishiri ya fito, sai a ce a manna tayil har zuwa ƙugu. Danshin bai je ko'ina ba, hawa zai yi ya ɓullo a saman tayil ɗin. Sai an gano daga ina ruwan yake: kwatar maƙwabci ce ta jingina da bango, bututu ne ya fashe, ko titi aka ɗaga ya fi tsakar gida tudu, kamar yadda ya faru a unguwanni da dama. Masu gidan ƙasa a cikin badala su ƙara kula. Siminti ba ya kama jikin tubali da kyau, ruwa kan shiga bayansa ya kwanta, daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu, sai ruwan Agusta ya zo a ji ya zube. Irin wannan gida tsohon magini da ya san azara da indararo ake nema, ba kowane mai cokalin filasta ba. Kuma ko wane irin gida ne, da rufi ake farawa, a gama shi kafin damina ta kankama. Wanda ya yi silin na POP a ƙarƙashin kwano mai yoyo ya yi wa ruwa ado.

Fasa bango don a faɗaɗa falo, ko ɗora bene a kan tsohon harsashi, ba shawarar birkila ba ce, komai daɗewarsa a sana'a. Injiniyan gini ake kira ya duba, kuma ƙarin gini irin wannan yana bukatar izinin hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA. Ka kuma shiga wajen maƙwabci ku yi magana kafin ka huda taga ta ɓangarensa ko ka juya indararo. Ramin masai ya nisanci rijiya, taka ko tasa, da aƙalla mita 15.

To in an riga an ɓata aikin fa? Kada ka ci masa mutunci a gaban yaransa, daga ranar ka rasa shi. Ka ɗauki hotuna, ka kira wani gwani da ba abokin gabarsa ba ya duba, sannan ka ja shi gefe: "Malam, ga abin da muka rubuta, ga abin da na gani, yaushe za a gyara?" Da yawansu sukan gyara in sun san akwai ciko a hannunka. In ya ƙi, ka nemi wanda ya haɗa ku, ko shugaban 'yan sana'arsu, sannan mai unguwa ko Hisbah, kotu ce ta ƙarshe. Kada dai ka kawo sabon mai aiki ya ɗora hannu kafin a auna abin da na farko ya yi a gaban shaidu, a ƙiyasta kuɗinsa, a rubuta. Da zarar an taɓa aikin, na farko zai ce na biyu ne ya ɓata, na biyu ya ce haka ya tarar.