Yadda za ka tsallake shekarar farko a karatun shari'a a Yamai

Ƙanena, tun da ka samu bak, takardar gama sakandare, kake tambayata ko akwai karatun share fage kafin a shiga shari'a, irin na Amurka, inda sai mutum ya gama digirin shekara 4 sannan makarantar lauyoyi ta karɓe shi. A Nijar babu wannan. Da bak ɗinka za ka yi rajista kai tsaye, ko a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, ko a ta Tawa. Lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce, zango 6. Shekarar farko ita ce share fagenka, kuma ita ce ta fi kayar da mutane.

Ka tsallake gadar Kennedy da sassafe, ka samu wuri a gaban amfi, babban zauren da ake ba da darasi. Ni kaye biyu nake riƙewa, ɗaya na rubutun sauri, ɗaya kuma in kwafe darasin a tsanake bayan isha'i.

Amma inda ake zama ɗan shari'a shi ne TD, ƙaramin ajin da ake ba ku aiki kuna kawowa. Aikina na farko shafi huɗu na cika da hadda, ban bar ko waƙafi ba. Takardar ta dawo da layi ɗaya na jan biro a sama: ina tambayar shari'ar? Daga ranar na gane ba hadda ake nema ba. In an ba ka hukuncin kotu, ka fara fitar da abin da ya faru, sannan hanyar da ƙarar ta bi daga wannan kotu zuwa waccan, da abin da kowane ɓangare yake nema. Sai ka matse rigimar duka ta koma tambaya guda, a jimla guda, kafin ka rubuta amsar da alƙalai suka bayar. Wannan jimlar ita ce wuyar aikin. Wani lokaci nakan yi awa guda a kanta. In kuma sharhi ne, kashi biyu ake so, I da II, kowanne da A da B. Kada ka yi gardama da tsarin nan, ka saba da shi tun zangon farko.

Faransancin shari'a daban yake da na lise, don dokar farar hularmu ta samo asali ne daga kundin Faransa na 1804. Ka nemi ƙamus na kalmomin shari'a. Dabarar da ta fi yi mini amfani kuwa ita ce in zauna in bayyana wa Inna darasin da Hausa. In na kasa faɗa mata bambancin jingina da sayarwa, to ban gane ba tukuna.

Kuma ka je kotu, yawancin zaman a buɗe yake ga kowa. A sha'anin aure, saki, gado da gonakin da ba su da takarda, alƙali yana aiki da al'adar masu ƙara, ga masana al'ada zaune a gefensa. Na taɓa ganin wani dattijo da rawani yana nuna iyakar gona da hannu, yana cewa daga gawon nan zuwa tsohuwar rijiya, kamar gonar tana cikin ɗakin. Da na koma gida na buɗe dokar karkara ta 1993, sai na karanta ta da wani ido. Dokar kasuwanci kuma ta OHADA ce, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da suka daidaita dokokin kasuwancinsu, babbar kotunta tana Abijan. Za ka tarar da ita nan gaba.

In lauya kake son zama, lisans ba ta isa ba, sai ka ƙara masta, sannan jarabawar CAPA, ta samun takardar cancantar aikin lauya. Saboda haka ka adana kayen TD ɗinka duka, har takardun da aka yi wa jan biro. Nawa suna nan cikin akwati a ɗakin Inna, ka ɗauka kafin ka taho.