Yadda Ake Binciken Tarihin Tsohon Ginin Kasuwanci a Ƙaramin Gari

Da wuya a sami ƙaramin garin da ba shi da wani tsohon gini a bakin babbar hanya ko kusa da tashar jirgin ƙasa, wanda ya taɓa zama kanti ko sito ko banki, kuma idan aka tambayi shekarunsa sai kowa ya ce haka ya taso ya gan shi. Wanda yake son ya wuce wannan amsa har ya rubuta tarihin ginin yana da shaidu uku da zai tuntuɓa, wato ginin kansa, da takardu, da bakin mutane. Kowannensu yana iya kuskure, amma ba wuri ɗaya suke yin kuskuren ba, saboda haka aikin mai bincike shi ne ya gwada maganar kowane da ta ɗan'uwansa, kada ya yanke hukunci da shaida guda.

A fara da ginin, bayan an nemi izinin mai shi ko mai haya a ciki. A ɗauki hotonsa ta kowace kusurwa, a auna tsawo da faɗinsa, a zana fasalin ɗakunansa a takarda ko da zanen bai yi kyau ba. Sannan a bar gaban ginin a zagaya baya, domin fuskar kanti ita ce ɗan kasuwa yake yawan sauyawa don jawo masu saye, bayan gini kuwa ba kowa ne yake ɓata kuɗinsa a kai ba, shi ya sa a can ake ganin bango na asali. A nemi inda wani bango ya haɗu da wani ba tare da tubalansu sun sarƙu da juna ba, domin wannan alama ce ta ƙari da aka yi daga baya. A nemi tagogin da aka toshe, da ƙofa mai faɗi wadda dandamalinta ya kai tsayin bayan mota ko amalanke, wadda take nuna wurin sauke kaya ne, da ƙugiyar ƙarfe a saman ƙofar bene, da ɗaki mai kaurin bango marar taga inda ake ajiye kuɗi. Tsohon sunan kanti yakan ɓoye a ƙarƙashin fenti, kuma an fi ganin sawun haruffansa da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana yake zuwa wa bango ta gefe.

Kayan da aka yi ginin da su suna da nasu tarihin, kuma nan ne ya kamata a daɗe ana kallo. Simintin da aka sani a yau, wanda ake kira simintin Portland, ya samo wannan suna da asalinsa daga wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a shekarar 1824, kwanon rufi mai tudu da kwari kuma Henry Palmer ne ya yi masa rajista a Landan a 1829. Ƙusa mai kusurwa huɗu da ake yankowa daga faifan ƙarfe ita ce ta yawaita a ƙarni na 19, har ƙusar waya mai zagaye ta kore ta a wajejen shekarun 1890. Rufin siminti mai haɗe da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da wuta ba ta ci, ya fito daga hannun Ludwig Hatschek na ƙasar Ostiriya a wajen shekarar 1900. Gilashin da yake sumul ba lanƙwasa ya yaɗu ne bayan kamfanin Pilkington ya bayyana sabuwar hanyar yin sa a 1959, saboda haka gilashin taga da yake karkata surar abin da ke bayansa yana iya girme wa wannan shekara.

Sai dai a kula da abin da waɗannan shekaru suke faɗa da abin da ba su faɗa ba. Suna nuna lokacin da ba zai yiwu a ce an yi aikin kafinsa ba, amma ba su nuna shekarar da aka yi shi, domin sabon kayan gini yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya isa ƙaramin gari, sau da yawa sai bayan layin dogo ko hanyar mota ta iso. Haka kuma magina ba sa zubar da abu mai kyau: tsohuwar ƙofa ko katakon rufi suna iya fitowa daga wani gini da aka rushe. Hatta shekarar da aka rubuta a saman ƙofa, wadda mutane suke ɗauka kamar yankan wuƙa, tana iya zama shekarar kafa kamfanin ko ta wani babban gyara. A nan ya dace a yi gargaɗi cewa kada a fasa tsohon rufin asbestos ko a kankare tsohon fenti da hannu don neman shaida, saboda ƙurar asbestos da dalmar da ke cikin irin wannan fenti suna cutar da lafiya.

Daga nan sai takardu. A je ofishin filaye da lambar fulotin, ba da sunan titi kaɗai ba, domin sunayen tituna da lambobin gidaje suna sauyawa. A fara daga mai shi na yanzu ana komawa baya, daga mai saye zuwa wanda ya sayar masa, har inda sarƙar ta katse. Kuskuren da ya fi kama masu farawa shi ne su ɗauki shekarar takardar mallaka a matsayin shekarar gini, alhali fili takardar take magana a kansa, kuma fili yana iya zama fayau shekara ashirin bayan an saye shi. Littafin haraji ya fi taimakawa a nan, domin idan kuɗin da aka ƙiyasta wa fuloti ya yi tsalle a shekara guda ba tare da na maƙwabta ya motsa ba, to akwai alamar an ɗora gini a kai.

Taswira da hoton sama suna datse lokacin ta gaba da baya: idan babu ginin a wata taswira amma ya bayyana a wadda ta biyo ta, an san tsakanin da aka gina shi. A Amurka akwai taswirorin inshorar gobara na kamfanin Sanborn tun daga 1867, waɗanda suke nuna kowane gini da launi, ruwan hoda na jan tubali, rawaya na katako, shuɗi na dutse. Charles Goad ya yi irinsu a Kanada daga 1875, sannan a Birtaniya daga 1885. Ga ƙasashen da Birtaniya ta mulka, hukumar safiyo da ta kafa a 1946 ta ɗauki hotunan sama masu ɗimbin yawa, waɗanda suke ajiye yanzu a birnin Edinburgh. Don sauye-sauyen baya-bayan nan kuwa, Google Earth yana da tsofaffin hotuna da ake iya ja baya a duba. Tsofaffin jaridu su ma a bi su, musamman tallace-tallace da labarin gobara da sanarwar gwanjo.

Bakin mutane shi ne shaidar da ba ta jira, saboda haka duk da an ambace shi a ƙarshe, kada a jinkirta zuwa wurin dattawan da shekaru suka ja. Magada sukan san sunan kakansu da labarin arzikinsa, amma a ganina tsohon akawu da maigadi da ɗan dako da kafintan da ya taɓa hawa rufin sun fi su sanin ginin, domin su ne suka yini a cikinsa. Kada a tambayi dattijo shekara, domin zai ba da lamba ne don ya sallami mai tambaya. A tambaye shi ko an yi benen kafin ya yi aure ko bayan nan, ko an kawo wutar lantarki garin lokacin da kantin ya koma hannun wani, sa'annan a nemo shekarar wannan al'amari a wani wuri. Idan zai iya tafiya, a zagaya ginin tare da shi, ko a kai masa hoto, a kuma nemi yardarsa kafin a naɗi muryarsa. A riƙa tambayar kowa ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, domin mutum biyar da suka ji labari daga baki ɗaya shaida ɗaya ce. Idan an ba da shekara da lissafin Hijira a mayar da ita da kulawa, tunda shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa 1350 ta Hijira ta faɗa cikin 1931 da 1932.

Idan abin da aka tara ya yi yawa, a jera shi shekara bi shekara a takarda ɗaya, a rubuta inda aka samo kowane bayani a gefensa, a kuma bambanta abin da shaidu biyu masu zaman kansu suka tabbatar da abin da zato ne kawai. Inda takarda da dattijo suka saɓa, a rubuta duka biyun yadda suke, domin sau da yawa daga baya ake gano cewa ɗaya yana maganar ginin farko ne da ya ƙone, ɗayan kuma yana maganar wanda aka tayar a gurbinsa. Bayan an kammala, a mayar wa kowa takardu da hotunan da ya ba da aro, a ba mai ginin kwafi ɗaya, a kai wani ɗakin karatu ko ma'ajiyar tarihi mafi kusa tare da muryoyin da aka naɗa.