Masu jinyar marasa lafiyan da aka turo asibitin JUTH

Jama'a, mai son taimaka wa marasa lafiyan da ake turowa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo daga Wase ko Shendam, ya fara da mai jinya, wato wadda ke kula da mara lafiyan. Ita ce ke kwana kan tabarma cikin sanyin Jos, kuɗin abincinta ma ya tafi a magani. Bargo, fulas ɗin ruwan zafi da kwanon tuwo da yamma sun fi lemon kwalba amfani nesa ba kusa ba.

Ku karɓi takardar magani ku biya da kanku, ku miƙa mata rasit. In abin ya fi ƙarfinku, ku raka ta ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, don baƙuwa ba lallai ta san da shi ba. Matasanmu kuma, don Allah a ba da jini.