Yadda ake ziyartar Borobudur, tsohon wurin ibadar mabiya Buddha a Indonesiya

Ka fara sauka a Yogyakarta, a tsibirin Java. Daga nan zuwa Borobudur kusan kilomita 40 ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai a mota. Yi sammako, don kafin hantsi ya dubi ludayi duwatsun sun ɗau zafi, can sama kuma babu inuwa.

Tikiti iri biyu ne: na zagaya haraba, da na hawa ginin kansa. Na biyun ka saye shi ta intanet tun da wuri, domin an ƙayyade yawan masu hawa a kullum, kuma rukuni-rukuni ake shiga tare da ɗan jagora. Kafin hawa za a ba ka wasu saƙaƙƙun silifas da ake kira upanat, ka cire takalminka ka sa su. Kada ka ga kamar fitina ce. Ginin nan tun ƙarni na 9 yake tsaye, zamanin sarakunan Sailendra, kuma tafin takalman baƙi ya sha cinye matakalarsa.

Ta ƙofar gabas ake shiga, a juya hagu, ginin yana hannunka na dama. Haka mabiya addinin ke zagayawa, haka kuma aka jera labaran da aka sassaƙa a bango, allo 1,460 daga cikin allunan sassaƙa 2,672 da ke ginin. Wanda ya bi ta baya, ya karanta labari daga ƙarshe. A ganina nan ne ya kamata ka kashe lokacinka, ko da jagora na ta hanzari. Duba da kyau za ka ga manoma da shanun huɗa, masu kiɗa, giwaye, har da jirgin ruwa mai filafilai da aka sassaƙa dalla-dalla da igiyoyinsa.

Hawa shida na ƙasa masu kusurwa huɗu ne, uku na sama da'ira. A kan ukun na sama akwai ƙananan hasumiyoyi 72 masu huji-huji, kamar an kife ƙararrawa, an tanadi kowace don gunkin Buddha a ciki. Da can mutane kan zura hannu su taɓa gunkin wai don sa'a. An hana yanzu. Kada ka zauna a kansu, kada ka hau don hoto. Idan ka tarar da masu ibada cikin jan mayafi ko ruwan goro, ka sassauta murya, ka nemi izini kafin ka ɗauke su.

Lokacin bikin Waisak na tunawa da Buddha, da wata ya cika a wajajen Mayu, wurin cika yake maƙil. Mai son natsuwa ya zaɓi wata rana.

Batun salla da abinci ba matsala, mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne. Ka tambayi musholla, wato ɗakin salla, kawai, za a nuna maka. In da sauran ƙarfi a ƙafa, ka biya Mendut, wani wurin ibadar da ke kimanin kilomita 3 daga nan, inda gunkin Buddha mai tsayin mita 3 ke zaune a ɗaki mai duhu.