Fentin taga da jinin yaranku

Katin jirgin ƙasa, layin waya, masallacin Juma'a a Bronx ta birnin Niyok, duk cikin mako guda 'yan'uwa za su nuna muku. Alhamdu lillahi, jama'armu ba ta barin baƙo ya kwana a titi. Abin da ba wanda ya gaya mini da na zo shi ne maganar fenti.

Birnin Niyok ya hana fenti mai dalma a gidajen zama tun 1960, Amurka baki ɗaya kuma a 1978, amma gidajen da aljihunmu ke iya kamawa yawanci sun girmi dokar. Tsohon fentin na nan kwance ƙarƙashin sabo. Duk buɗe taga da rufe ta, ƙura ce ke zuba.

'Yata tana koyon tsayuwa, bakin taga take dafawa, sannan yatsa ya tafi baki. Da ta cika shekara aka gwada jininta, kamar yadda dokar jihar ta ce a yi wa yaro a shekara 1 da 2, sai likita ta ce akwai dalma. Gabana ya faɗi, don na tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Yarinya kuwa garau, ko zazzaɓi babu. Haka gubar take, ƙwaƙwalwa take ci a ɓoye.

Na sami mai gidan, ya ce fenti ne kawai. Ni kuma tsoron takardu ya sa na ja bakina, na ɗauko wuƙa na kankare tagar a bushe, na share da tsintsiya. Ashe ƙurar na baza ko'ina! Daga baya na san cewa a ginin da ya girmi 1960, in akwai yaro ƙasa da shekara 6, wajibin mai gida ne ya duba duk shekara ya gyara da kuɗinsa. Ku kira 311, lambar wayar hukumar birnin, ba a tambayar takardar zama. Takardar bayanin dalma da ake haɗowa da ta haya kuma, don Allah ku daina sa mata hannu ido rufe.

Kafin a zo gyara, jiƙaƙƙen tsumma za ku riƙa bi da shi, a wanke hannun yara kafin cin abinci, a dafa da ruwan famfon sanyi.

Sai kwallin da Hajiya ta ƙullo a leda don jariri. Yawancinsa dutsen dalma ne aka niƙa. Na san za ku ce da shi aka rene mu. Namu dai na mayar da shi cikin akwati.