Kurakuran da aka fi yi wajen sayen sitirima don kayan kiɗan gida

Bayan sallar la'asar wani aminin mahaifina da ke zaune a Birni ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, ga wani ɗan baƙin akwati a kan tabarma da ɗansa ya aiko masa daga Faransa, ga manyan sifikoki biyu a gefe.

"Ɗana, duba mini wannan abu. Sati uku ke nan, ko tari bai yi ba."

"Baba, ina ampili ɗin?"

"Ai na bayar. An ce mini wannan ya maye gurbinsa."

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a nan Damagaram. Sitirima, wato na'urar da ke jawo kiɗa ko karatu daga intanet ta miƙa wa kayan sautin gida, ba ta da ƙarfin motsa sifika ita kaɗai. Aikinta ta ɗebo, ampili ya ƙara ƙarfi, sifika ta fitar. Akwai masu ampili a ciki, irin su WiiM Amp, amma WiiM Mini da WiiM Pro da Bluesound Node da Sonos Port duk sai an haɗa su da ampili ko da sifika mai nata ampili. Kafin ka aika kuɗi Kano ko Dubai, juya ampilinka ka dubi bayansa. In akwai ramuka biyu, ja da fari, an rubuta AUX ko CD ko LINE, sitirima mai irin waɗannan ramuka, da ake kira RCA, za ta shiga. Kada ka kuskura ka sa ta a ramin PHONO, na faifan garmaho ne, sautin zai fashe. In kuma ampilin na zamani ne mai ramin OPTICAL ko COAXIAL, to yana da nasa DAC, abin da ke mai da lissafin kwamfuta ya koma sauti, ba sai ka biya kuɗin wani mai tsada a cikin sitirimar ba. Baba dai sai da muka je aka karɓo ampilinsa daga gidan ƙanensa a Zango.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya sayi na'ura bai tambayi kansa me yake saurara ba, kuma daga ina. Tallan waɗannan kaya don Turawa aka yi shi, cike yake da manhajojin kiɗa irin su Tidal da Qobuz. Mu kuwa yawancinmu YouTube ne, da Audiomack, da Boomplay, sai abin da masu tura waƙa na Kasuwar Dole suka zuba mana a memori: karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, waƙoƙin bege, kiɗan fada na kakaki da algaita, da na dandalin soyayya. Spotify ya iso Nijar a shekarar 2021, kuma kusan kowace sitirima tana karɓarsa. Sauran fa, kowanne da ƙofar da yake bi. Mai iPhone AirPlay yake buƙata, wato hanyar da salularsa ke tura sauti zuwa sitirima. Mai Android, wanda shi ne a hannun yawancinmu, Chromecast ne ƙofarsa, kuma ba kowace na'ura ke da shi ba: WiiM Mini ba ta da shi, WiiM Pro tana da shi, Sonos Port kuwa ba Chromecast ba Bluetooth. Buɗe manhajar da kake jin kiɗa da ita kullum a salularka, ka ga ko tana da alamar turawa zuwa wata na'ura, sannan ka nemi sitirimar da ta dace da wannan alama. In kuma dukiyarka duk a memori take, nemi mai ramin USB da ke karanta fayiloli, kamar Bluesound Node. Ka lura, ƙaramin ramin USB-C da ke bayan WiiM Mini da WiiM Pro na shigar wuta ne kawai, ba ya karanta komai.

Wani zai ce, to me ya raba wannan da ƴar na'urar Bluetooth mai arha? Da Bluetooth salularka ce ke ɗauke da kiɗan: aka kira ka ya yanke, ka yi nisan da ya wuce mita 10 ya soma sheshsheka, kuma ana matse sautin kafin ya tafi. Da Spotify Connect ko Chromecast, sitirimar ce da kanta ke jawowa, salula umarni kawai take bayarwa. Kana iya amsa waya, ka fita ƙofar gida, karatu na ci gaba. Amma gaskiya ɗaya ce, wanda duk saurarensa sautin da aka turo ta WhatsApp ne, Bluetooth ta ishe shi, ya adana kuɗinsa.

Sai batun intanet ɗin gida, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Sitirima Wi-Fi take so, wanda ke zaune a gida dare da rana. Wanda ya dogara da raba intanet daga salularsa, da ya fita kasuwa gidan ya yi tsit, ita kuma uwargida ba ta da yadda za ta yi. Maganin shi ne ƴar akwatin 4G mai ɗaukar layi, na Airtel ko Moov ko Zamani, duk wanda ya fi kamawa a unguwarku. Ba a nan ta tsaya ba. Katangar ƙasa ta gidajen Birni mai kauri ce, Wi-Fi na 5 GHz ba ya ratsa ta yadda na 2.4 GHz ke yi. A gidan Baba akwatin intanet yana ɗakin tsakiya, zaure kuwa katanga uku ne tsakani, sai da muka ja igiyar intanet, wadda ake kira Ethernet, ta bi saman bango. Wannan igiya tana kaiwa mita 100 ba tare da sautin ya ragu ba. Don haka nake ba mutane shawarar su zaɓi mai ramin Ethernet ko da ba su da niyyar amfani da shi yau. WiiM Mini ba ta da shi.

Ga lissafin da mai kanti ba zai yi maka ba. Sauti mai 320 kbps yana cin mega 144 a awa ɗaya. Ingancin faifan CD, 16-bit da 44.1 kHz, mega 635 ne a awa in ba a matse ba, tsarin matsewa na FLAC yana rage shi zuwa wajen rabi ko sama kaɗan. Wanda ake kira Hi-Res, mai 24-bit da 192 kHz, ya haura giga 4 a awa kafin a matse. Mutumin da ke sayen mega na kwana ko na sati, ina zai kai wannan? Na ga wanda ya ƙara kuɗi mai yawa saboda an rubuta 192 kHz a jikin kwali, alhali fanka na kaɗawa a kansa, kabu-kabu na wucewa ta bakin taga, fayilolinsa kuma MP3 ne masu 128 kbps da suka bi ta hannu goma. Sitirima ba ta mayar da abin da aka riga aka yanke daga sauti. Kuɗin nan da a sifika ya zuba su, ko ma ya janye sifikokin daga lungu ya ɗaga su daidai kunnen mai zaune, da ya ji bambanci tun ranar. Kuma ka shiga saitin manhaja ka tsayar da inganci da hannunka, kada ka wayi gari megar wata ta ƙare a kwana huɗu.

Wuta kuma ni kaina ta taɓa koya mini darasi. Wata rana cikin bazara aka ɗauke ta, na manta ban cire komai ba, da aka maido ta da ƙarfi sai na ji ƙauri. Cajar sitirimar ta tafi, Allah ya taimaka ita kanta ta tsira. Tun daga ranar komai nawa ta na'urar daidaita wuta yake bi, kuma da an ɗauke nakan kashe ampili. Wutarmu 220 V ce. Kayan da aka aiko daga Amurka, musamman ampili, sau da yawa na 120 V ne, karanta rubutun da ke bayansa kafin ka jona. In ka ga 100-240 V ba damuwa. Na Kano kuma da filogi mai ƙafa uku masu faɗi yakan zo, namu soket na ƙafa zagayayyu ne, ka sayi mahaɗi mai kyau, ba wanda ke rawa yana tartsatsi ba. Ƙananan sitirimomi masu cin 5 V ta USB-C suna da wata falala a garinmu: batirin cajin salula yana riƙe su, ko da yake ampili da akwatin intanet su ma sai an nema musu nasu.

Zafi da ƙura su ne na ƙarshe da ake tunawa. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, amma sai ka ga an ɗora sitirima a kan ampili mai huci, an rufe su cikin kabad mai gilashi, an kuma shimfiɗa kyalle a sama. Raba su, a bar wa kowanne wurin shan iska. Lokacin hunturu a rufe su da kyalle idan suna kashe, a yaye idan za a kunna, a riƙa hure ramukan baya.

Wanda zai saya a hannun ɗan gwanjo ya sa a gwada a gabansa da salularsa. Waɗannan na'urori da manhaja ake sarrafa su, tsohuwar da kamfaninta ya daina sabuntawa tana iya kunnuwa lafiya lau amma ta ƙi haɗuwa da komai. Ka sauke manhajar tun a gida, ka je da ita, ka sa mai kaya ya goge saitin tsohon mai ita, ka saurari abu ɗaya daga farko har ƙarshe kafin ka ƙirga masa jaka ko ɗaya.

Na koma wajen Baba ranar Juma'a. Jikarsa ce ta koyi sarrafa abin kafin kowa, ita ke zaɓo masa surar da yake so bayan asuba. Ya ce in sake ja masa wata igiyar zuwa ɗakin Hajiya, ya kuma tambaye ni ko sai an sayi ampili na biyu. Na ce masa ƙaramar sifika mai nata ampili ta isa ɗakin, amma ya fi sauƙi a ƙara sitirima ɗaya ta kamfani guda in yana son ɗakunan biyu su riƙa karatu tare.