Yadda ake zaɓen mota mai ɗaki a Turai: wane kamfani, kuma sabuwa ko ta hannu?

Duk wanda ya kwana biyu a Jamus ko Faransa ya san su, fararen motocin nan masu ƙirar akwati da ke cika hanya da zarar an ba yara hutun bazara, da kekuna ɗaure a baya. A ciki akwai gado, murhu, firij da banɗaki. Jamusawa na ce mata Wohnmobil, Faransawa su ce camping-car, mu kuma mu ce mota mai ɗaki. Ga magidancin da ke zaune a Turai abin da ban sha'awa: babu kuɗin otal, uwargida ta dafa abin da ta yarda da shi, a ajiye mota gefe a yi sallah a kan lokaci. Tambayar da kowa ke fara yi ita ce wane kamfani ya fi. Ni a wajena wannan tambaya ce ta uku. Akwai biyu a gabanta.

Da farko, fito da lasinka

Lasin ƙaramar mota, rukunin B, iyakarsa kilo 3,500, mota da duk abin da ke cikinta. Abin da ya haura haka zuwa kilo 7,500 sai mai rukunin C1. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Ingila kafin 1 ga Janairun 1997, ko a Jamus kafin 1999, yana da wannan damar tun asali. Yawancinmu kuwa bayan nan muka zo.

Saboda haka kamfanoni ke cusa motocinsu ƙarƙashin 3,500, kuma a nan tarkon yake. A ce takarda ta nuna nauyin motar kilo 3,050. An riga an sa direba a lissafin a kan kilo 75, saura 450. Uwargida da yara uku, a ce 190. Tankin ruwa lita 100, kilo 100 ke nan. Rumfar gefe, kekuna, ƙarin batir da tukunyar gas ta biyu za su cinye wajen 130. Ba a ɗora shinkafa da tukwane ba tukuna. Ƙari a kan haka, doka ta yi wa kamfani sassaucin kashi 5 cikin ɗari a kan nauyin da ya rubuta, wato motar na iya fin haka da kilo 150. In aka hau da kai sikeli a Ostiriya ko Suwizalan, tararsu ba ta wasa ba ce.

Na biyu, ƙirga kawuna, sannan ka yi haya

Yawan gado daban, yawan kujeru masu bel daban. Akwai motar da mutum shida za su kwana a ciki amma huɗu kawai doka ta yarda su zauna tana tafiya. Mu da Allah ya albarkace mu da iyali, wannan kaɗai ya kore rabin abin da ke kasuwa.

Ƙira huɗu ce. Akwai bas ɗin kaya da aka mayar ɗaki, mai tsawon mita 5.41 ko 5.99 ko 6.36, ta isa miji da mata kuma tana shiga gari. Akwai mai ɗakin da aka ɗora a bayan kan mota. Akwai mai goshi, wadda ke da gado a saman direba, ita ce ta mai yara, sai dai shan mai da kama iska. Ta huɗun gaba ɗayan jikinta kamfanin ɗakin ne ya ƙera, faɗi da kyau, kuɗi kuma ba a magana.

Kafin ka sa ko sisi, yi hayar irin wadda ranka ke so na sati ɗaya. Zuwa da kai ya fi aike. Ka yi alwala a banɗakinta, ka gwada ko sallaya za ta shimfiɗu a tsakar motar, ka zare akwatin masai ka je ka zubar da hannunka. Mutane da yawa a nan sha'awarsu ke ƙarewa, kuma gara ta ƙare a kan kuɗin haya.

Na uku, kamfanonin

Mota mai ɗaki aikin kamfani biyu ce. Inji da ƙafa na wani, ɗaki na wani. Akasarin na Turai a kan Fiat Ducato aka gina su, kuma Peugeot Boxer da Citroën Jumper 'yan uwa ɗaya ne da ita, masana'antar Atessa a Italiya ta daɗe tana ƙera su tare. Sauran su ne Mercedes Sprinter, Ford Transit da VW Crafter. Amfanin Ducato shi ne kayan gyaranta ba sa wuya, ko ka tsallaka da jirgin ruwa daga Algeciras zuwa Maroko za ka sami bakanike da ya san ta. Sprinter ta fi daɗin tuƙi, ta fi tsada a saye, ta fi tsada a gareji.

Sunayen da ke jikin ɗakin kuwa, da yawansu gida ɗaya suka fito. Hymer, Dethleffs, Bürstner, Carado, Sunlight da Laika duk na rukunin Erwin Hymer ne, wanda Thor na Amurka ya saya a 2019. Trigano na Faransa shi ke da Chausson, Challenger, Adria, Roller Team, Benimar da Auto-Trail. Knaus da Weinsberg ɗan wa ne da ɗan ƙane. A Ingila akwai Swift da Bailey, masu sitiyari a dama da ƙofar ɗaki a hagu, abin lura ga wanda yawonsa a Faransa da Sifaniya zai fi yawa. Firij, murhu, hita da masai ma kusan hannu uku ne ke yi wa kowa: Dometic, Truma da Thetford.

To ina bambancin? A bango da daɓe. Tambayi dila ko akwai katako a cikin bangon. Masu tsada irin Hymer da Carthago suna haɗa alminiyam da soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, wasunsu da daɓe hawa biyu don kada bututun ruwa ya daskare da hunturu. Masu sauƙin kuɗi irin Carado, Sunlight, Weinsberg da Roller Team sun rage ƙawa da kaurin kabad, amma injin shi ne dai. In tafiyarka ta bazara ce kawai, ban ga dalilin biyan kuɗin daɓe hawa biyu ba. Abin da zan fi dubawa shi ne nisan dilan kamfanin daga gidana, domin duk shekara sai an kai masa.

Na huɗu, sabuwa ko ta hannu

Sabuwa dal tana zuwa da garanti biyu, na inji da na yoyon ruwa a ɗakin, na yoyon kan kai shekara 5 zuwa 10 gwargwadon kamfani, bisa sharaɗin a riƙa kai ta duba a kan kari. Injinta na zamani ne, da wuya birni ya hana ta shiga saboda hayaƙi. Amma cikin farashinta akwai harajin saye, kashi 19 a Jamus, 20 a Ingila, kuma a shekarun farko darajarta ta fi zubewa. Sabuwa ma ba ta rasa 'yan ƙorafe-ƙorafe, ƙofar kabad da ba ta rufuwa, famfo mai ɗiga. Biyan kaɗan-kaɗan da dila zai yi maka tayi kuma galibi da kuɗin ruwa ne, kowa ya san matsayinsa a kan wannan.

Ga wanda bai taɓa mallaka ba, shawarata ta hannu, mai shekara 3 zuwa 6. Mai ita na farko ya sha asarar, ya gyara ƙorafin, sau da yawa ya sa rumfa da sola da ba zai fanshe kuɗinsu ba. Kada dai araha ta ja ka baya da yawa. A Landan motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 kullum, Faransa na da tambarin hayaƙi na Crit'Air da ake manna wa a gilashi don shiga wasu birane, Jamus ma na da irinsa, koren tambari. Waɗanda aka yi wa rajista daga ƙarshen 2016 galibi sun tsallake.

Kaka da hunturu ne lokacin ciniki. In kuma son ganin kamfanoni ƙafaɗa da ƙafaɗa kake, akwai baje kolin Düsseldorf a ƙarshen Agusta, da na Birmingham a Oktoba.

Na biyar, ranar duba mota

A nan ake cin riba ko a tafka asara. Mun saba da duba mita da sauraron inji, irin na masu sayen tokumbo. Mota mai ɗaki kuwa ba inji ke kashe ta ba, ruwa ne. Wata shekararta goma ba ta yi tafiyar kilomita 50,000 ba, amma ruwan sama ya bi gefen taga ya ruɓar da bango daga ciki. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ka je da rana, kuma ka roƙi mai ita kada ya buɗe ta kafin ka iso. Hancinka ne ma'aunin farko: warin fumfuna, ko turaren da aka fesa ya yi yawa. Ɗaga katifa, buɗe kabad na sama, danna bango da yatsa a kusurwoyi da kewayen tagar rufi. Taka daɓen ko'ina, in ya lotsa kamar soso, yi sallama. Na'urar auna danshi ba ta da tsada, ƙasa da kashi 15 lafiya lau, sama da 20 akwai magana. Sai ka nemi littafin duban yoyo. In an tsallake shekara guda, garantin na iya faɗuwa.

Bayan nan taya. Zanenta kan yi kyau alhali ta tsufa a tsaye. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta su ne shekarunta, 2318 na nufin sati na 23 a 2018. Tambayi ranar da aka canja taimin bel, don shekaru ke cinye shi ko mota ba ta tafiya. Kunna firij da gas da kuma lantarki, kunna hita, buɗe ruwan zafi, leƙa ƙarƙashi don tsatsa. A ƙarshe ku biya ta sikelin manyan motoci a auna ta a gabanka.

Na shida, takardu da kuɗi

Lambar jikin mota ta dace da ta takarda. A Jamus ka ga takardar TÜV ta duban lafiyar mota da ta gwajin gas na duk shekara biyu, a Ingila takardar MOT ta duban lafiyar mota da binciken HPI da ke nuna ko akwai bashi a kanta. In daga dila ka saya doka na bayanka: a Ingila kana da kwana 30 na mayar da mota mai aibi, a Jamus dila na ɗauke da alhakinta aƙalla shekara guda. Mai sayar da tasa kuwa yana iya rubuta cewa babu ruwansa bayan an rabu, shi ya sa tasa ta fi sauƙi.

Kada ka tura kafin alƙalami kan motar da ba ka taɓa da hannunka ba, komai daɗin labarin cewa mai ita ya yi tafiya. Ka kuma nemi farashin inshora da wurin ajiya tun kafin ka sa hannu, domin mota mai tsawon mita bakwai ba ta shiga garejin gidan haya, kuma a wata goma sha biyu na shekara, wajen goma a ajiye za ta yi su.